'Ya'ya Biyu, Akwai Mace a Ciki

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a nan Birnin Kebbi, kuma ba na jin akwai ɗaliba guda da za ta ce Malama mai sanyin hali ce. Ina da faɗa, na sani. Amma duk shekara akwai rana ɗaya da nake shiga aji da murmushi, yaran kuwa da sun ga haƙorana sai su sha jinin jikinsu. Ranar ce nake ba su tambayar mutum mai 'ya'ya biyu.

Ga yadda take. Mutum yana da 'ya'ya biyu, ba ki taɓa ganinsu ba. Kika tambaye shi ko akwai mace a cikinsu, ya ce akwai. To, mene ne rabon a ce dukansu biyu mata ne? Kafin in rufe baki aji ya ɗauka, "Rabi da rabi, Malama! Ɗayan ai ko mace ko namiji!" Sai in ce kun faɗi, ɗaya cikin uku ne. Nan fa ake yin ta, har masu barci a baya su farka.

Sai in zana gidaje huɗu a allo. Gidan farko babba mace, ƙarama mace. Na biyu babba mace, ƙarami namiji. Na uku babba namiji, ƙarama mace. Na huɗu maza biyu. In ce da mutumin nan ya ce akwai mace, wane gida ya rushe? Su ce gidan maza. In goge shi da gefen hannu. Saura uku, kuma cikin ukun gida ɗaya tak ne mata zalla. Kafin su gama haɗiye wannan sai in ƙara musu wani: amma da a ce gidan kika je, yarinya ta leƙo aka ce miki wannan ce babbarsa, to ita kin san ta, ɗayan kaɗai ya rage a ɓoye, amsarku ta rabi da rabi ta zama daidai. Nakan ce musu ba abin da kika ji kaɗai ke aiki ba, hanyar da kika bi kika ji shi ma tana canza amsa. Wata shekara wata mai baki ta ce, "Malama, wannan ai neman rigima ne, ba lissafi ba." Na kore ta waje, amma a raina na yi dariya.

Ban taɓa kawo wa raina cewa wannan tambaya za ta biyo ni har gida bayan na ajiye alli ba.

Ni 'yar fari ce. Mahaifina masunci ne, mutumin Argungu. Mahaifiyata ta rasu ina shekara biyu, wajen haihuwar da ba ta zo da rai ba. Yayarta, wadda na tashi ina kira Inna, ta je zaman makoki, ta goye ni, ta taho da ni Birnin Kebbi ba tare da ta nemi izinin kowa ba. A wurinta laifinsa ne, wai yana can kan ruwa matarsa na naƙuda kwana biyu. Ko haka ne ko ba haka ba Allah ne masani. Inna dai ta riƙe wannan magana har ta koma ga Mahaliccinta.

Sau uku na san ya zo ganina, in har za a kira wannan gani. Dogo ne, baƙi, rigarsa tana ƙamshin hayaƙin banda. Zai tsuguna a zaure, ya ajiye ƙunshin busasshen kifi, ya gaida Inna tana daga ciki. A turo ni in kai masa ruwa. Ba ya kallona, ba ya kiran sunana. Iyakarsa ya dubi bango ya ce, "Lahiya dai take?" Inna ta ce lafiya lau, da wata irin murya mai nufin ba da taimakonka ba.

Na san al'ada ce, kowa ya sani. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi gaban mutane, in ma aka tambayi dattijon da 'ya'yansa nawa, sai ya fara ƙirga daga na biyu. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Amma sauran 'yan fari suna gidan ubansu, suna cin tuwonsa, in ba su ji sunansu a bakinsa ba sun ga takalmin sallar da ya kawo ya ajiye a ƙofar ɗaki. Ni kunyar kaɗai na samu. A zuwansa na ƙarshe, ina wajen shekara goma sha ɗaya, na ajiye ruwa na ƙi tafiya. Na tsaya a gabansa ƙiƙam na ce, "Baba, ni na zo ta ɗaya a lissafi." Ya ce wa bango, "Madalla." Bai ko gama shan ruwan ba ya tashi. Ranar Inna ta bi shi har ƙofa da wasu maganganu da ban ji duka ba, daga nan bai sake dawowa ba.

Daga baya muka ji ya bar sana'ar su, ya yi aure, ya koma noman shinkafa a wani ƙauye. Da aurena ya tashi, ƙanensa ya turo ya tsaya a madadinsa. Na ce to shi ke nan, wanda bai ƙirga da ni ba, ni ma ba zan ƙirga da shi ba. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar awa guda ce, ko ta fi kaɗan in mota ta tsufa. Shekara arba'in ban taka ba. Taurin kan nan wajen Inna na koye shi, kuma na fi ta iyawa.

Mijina mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa. Allah bai ba mu haihuwa ba, bai taɓa yi mini gori ba, kuma ya riga ni tafiya. Inna ta bi bayansa, magadanta suka sayar da gidan da na tashi a ciki. Na yi ritaya, na koma wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Badariya, da darbejiya guda a tsakar gida. A nan na san abin da ake kira kaɗaici. Na sayi tukunya mafi ƙanƙanta a kasuwa, duk da haka abinci ragewa yake yi. Nakan kunna rediyo don kawai in ji ana magana, in mai labarai ya yi kuskure in gyara masa da ƙarfi. Maƙwabtana ba su da laifi, suna gaishe ni, suna aiko mini da abincin suna, in biki ya tashi a ce Malama ma ta yi anko. Amma da an zauna sai ka ga kowace ta karkata wajen 'yar'uwarta, suna raɗa, suna dariyar abin da ya faru tun suna yara. Ni kuwa in zauna tsaf da sabon ɗinki kamar baƙuwar da aka manta a ba ta masauki.

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu, ba wanda ya sani sai da maƙwabciyata ta lura ban share ƙofar gida ba. Ina kwance ina kallon rufi na tambayi kaina, in na mutu wa za ta yi mini wanka? Matan unguwa za su yi, don Allah, su yi shi da kyau. Amma babu wadda za ta riƙa zuba ruwa tana share hawaye da gefen zane. Wannan nake so, ba na ɓoyewa. 'Yar'uwa nake so, mace, ta jinina, wadda zan zaga ta zage ni gobe ta dawo.

Akwai wata mata 'yar Argungu da ke yawo da bandar kifi a Badariya duk Talata. Surutu gare ta kamar rediyona, shi ya sa nake saya ko ban bukata. Wata Talata ta kawo kifin da bai sha hayaƙi ba, na juya shi na ce, "Ke, ni ɗiyar masunci ce, kada ki kawo mini wannan." Ta ce ɗiyar wa? Na faɗi sunansa. Ban tuna rabon da sunan nan ya fito daga bakina ba. Matar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Malama, ashe ba ki ji ba? Ai ya rasu tun damanar bara, can Gulma."

Ban yi kuka ba. Na ci gaba da zaɓen kifi, na ware huɗu, na mayar da ɗaya. Can na ce, "Ya bar iyali?"

Ta ce, "Ya bari. Mijina sun yi su tare da shi da daɗewa. Da bakinai yac ce mai 'ya'ya biyu gare shi, akwai mace ciki."

Kifin ya faɗi daga hannuna. Tambayar da na shekara ashirin ina azabtar da 'ya'yan mutane da ita ce ta shigo mini gida a cikin kwandon banda. Na ce, "Tsaya. Mijinki ganin yarinyar ya yi, ko tambaya ya yi aka ba shi amsa?"

"Malama, mi ab bambanci?"

"Akwai bambanci. Ki tuna da kyau."

Ta harare ni, amma ta tuna. Wai mijinta yana nema wa ƙanensa mata ne a lokacin, suka haɗu a kasuwar Argungu, ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, ya ce biyu. Ya ce akwai mace ciki? Ya ce akwai, amma tana ɗakin miji. Iyakar maganar ke nan, mijin bai taɓa zuwa gidan ba.

Na ce, "Biyu da ni, ko ban da ni?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba Malama, ke da kike ɗiyar hwari? Wane dattijo za ya sa ki cikin ƙirga? Ban da ke mana." Na ce haka ne. Ko ba ta faɗa ba na sani, ai na ga yadda yake magana da bango.

Tana fita na ɗauki tsinke na zana gidajen nan huɗu a ƙasa, gindin darbejiya. Na share gidan maza da ƙafa. Na tsaya ina kallon ukun da suka rage, kuma a karo na farko ban damu da ɗaya cikin uku ba. Abin da na gani shi ne kowane gida cikin ukun akwai mace. Ko ta ina aka bi, ina da ƙanwa. In Allah Ya so biyu ne, in ba haka ba guda da ƙane. Amma guda dai babu makawa. Wallahi ban taɓa son lissafi kamar ranar nan ba. Sai da yamma ta yi na tuna ubana ya mutu, na ɗaga hannu na yi masa addu'a, kuma ina jin kunyar yadda addu'ar ta yi gajarta.

Mai hankali washegari zai hau mota. Ni wata bakwai na yi ban je ba. Tsoro nake ji, kada in yi sallama a dube ni a ce ba a san ni ba, ko a ce sai yanzu da aka ji akwai gona. To a cikin watannin nan na zauna na ƙera ƙanwata tun daga ɗankwali har tafin ƙafa. Na ba ta shekara arba'in. Na ba ta tsawon Baba da wushirya, da baki irin nawa, don ba na son salihar da zan yi wa faɗa ta yi shiru. Ina shara ina ce mata, "Ke, ɗaga ƙafarki." Ina girki ina ce mata gishirinta ya cika yawa. Na kwashe tarkacen ɗaki na biyu, na sa aka yi masa sabon daɓe, na shimfiɗa katifa. Na yi fushi da ita kwana uku cur saboda ba ta neme ni ba, daga baya na yafe mata, na ce yarinya ce, ni ce babba. Maƙwabciyata ta ce, "Malama, kwanan nan kin yi haske." Na ce mai na canza.

Sau uku na je kasuwa kafin in zaɓa mata atamfa, shuɗiya mai ratsin ruwan ƙwai, irin wadda ke karɓar baƙar fata. Na biyun kuwa da ban san ko wane ne ba, lissafi na bi. Biyu cikin uku namiji ne, don haka na yanki farar shadda. Har yabon kaina na yi, na ce ga amfanin ilimi.

Lokacin girbin shinkafa na tafi. Na hau mota da hantsi zuwa Argungu, daga nan na hau babur zuwa Gulma, jakata a cinya na rungume ta. Fadama cike da mutane, ana yanka, ana bugun dammuna a jikin gangunan ƙarfe, mata na sheƙa. Ban tambaya sau biyu ba aka nuna mini gidan. Katangar ƙasa ce, da wata tsohuwar komar kamun kifi rataye a zaure duk ta ruɓe, da alama mai ita ya kasa jefar da ita ne.

Na yi sallama. Wata tsohuwa na zaune tana baza turararriyar shinkafa a tabarma da tafin hannu. Ta amsa, ta ɗaga kai. Duk jawabin da na yi wata bakwai ina shiryawa ya gudu. Na ce, "Ni ce ɗiyar marigayi, ta Birnin Kebbi."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta taka shinkafar da take shanyawa ba ta ko lura ba, ta kama fuskata da hannu biyu. "Ta Birni! La'ilaha illallahu, ta Birni ta!" Sai kuka. Ita ce matar da ya aura bayan mahaifiyata. Ta zaunar da ni, ta ce sau biyu suka aika gidan Inna da ya rasu, aka tarar da baƙin fuska, aka ce masu gidan sun tashi ba a san inda suka koma ba.

Tana cikin magana wata mace ta fito daga ɗaki da kwanon ruwa, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Doguwa ce, baƙa. Na dubi goshinta na ga goshin Baba, na dubi yatsunta na ga nawa. Ba ta da wushirya, na ce ba komai, na yafe wushirya. Na kama wuyan hannunta na ce, "Ke ce?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya. Tsohuwar ta ce, "Matar ƙanenki ta, mutanen Augie na." Na sake ta a hankali. Na sake duban goshin, goshi ne kawai irin na kowa.

Na ce a raina to, ƙane ya tabbata, shadda ta sami mai ita. Na sha ruwa na ce, "To Iya, ita kuma tana ina? A nan garin take aure?"

"Wa?"

"Ƙanwata."

Tsohuwar ta dubi surukarta, ta dube ni. "Wace ƙanwa, ɗiyata? Ni haihuwa guda niy yi mai, namiji. Shina gona, yanzu za a kira shi."

Na ce, "An ce mini biyu. Da bakinsa ya ce 'ya'yansa biyu, akwai mace a ciki, tana ɗakin miji."

Ta ce, "Awo, biyu. Da ke da shi."

Ban gane ba. Ni da nake kama kuskuren yara tun kafin su gama rubuta shi, sai da ta maimaita. Na ce, "A'a Iya, ni ai 'yar fari ce. Ba ya ƙirgawa da ni."

"Wa yag gaya maki? Sunanki na bai hwaɗi, har ya mutu ban taɓa jin shi ga bakinai ba. Amma ƙirga, bai taɓa tsallake ki ba. Abokanai har tsiya suka yi mai, su ce kai wane irin dattijo na maras kunya. Shi ko ya ce wadda ba ta gabanai, in bai ƙirga ta ba ɓacewa za ta yi." Ta share hanci da gefen zane. Ta ce ta Birni yake kirana. In an yi awon shinkafa gardama ta tashi, sai ya ce da ta Birni na nan da ta raba ku, ita ta ɗaya ce a lissafi. Ta ce babu wanda bai ji wannan magana ba a fadamar nan, har an gaji da ji.

Ashe macen da ke cikin lissafin ni ce. Ba ɓoyayya ba ce, sananniya ce, babba, tana zaune a Badariya tana zana gidaje da tsinke. Ɗayan kaɗai ne a ɓoye, ko mace ko namiji. Rabi da rabi, amsar da na sha ce wa 'ya'yan mutane sun faɗi a kanta. Tabbacin da na kwana da shi wata bakwai bai taɓa kasancewa ba, kuma ba lissafin ne ya yaudare ni ba. Ni na cire kaina daga gidan tun kafin in fara zane, don na yi imani haka Baba ya yi.

Sai faɗan nawa ya taso, a gidan mutane, ranar farko. Na ce, "Ya gaya wa duk mutanen fadama, ni ce bai iya gaya wa ba? Sau ɗaya! Ya dube ni sau ɗaya ya ce madalla, me zai rage masa? Bango ya fi ni?" Matar ƙanena ta tashi sum-sum ta shige ɗaki.

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Haka anka tashe su, ɗiyata. Ke ma kuma ai ba ki zo ba."

Ba a cika rufe mini baki ba. Ranar an rufe.

Can sai ga ƙanena ya shigo, ƙafafu duk laka, da ƙaiƙayi a gashin kansa. Mutum ne mai shekara wajen arba'in, gajere, ya yi kama da uwarsa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya ce, "Yaya, sannu da zuwa." Ba wanda ya taɓa kirana Yaya. Na amsa, na tambaye shi aiki, ya ce da godiya. Ya tambaye ni hanya, na ce lafiya. Shi ke nan magana ta ƙare mana. Yana kallon ƙasa, ina kallon shinkafa. Can ya ce gonata tana nan, gefen tasa, tun da aka raba gado yana noma ta yana ajiye abin da ta bayar, bai taɓa ko tiya ba. Na ce Allah Ya yi albarka. Mutumin kirki ne, na gani tun a tsugunonsa. Amma ba za ka ce wa irin wannan gishirinka ya yi yawa ba, zai ba ka haƙuri ne kawai.

Na buɗe jaka na ba shi shaddar, ya karɓa da hannu biyu. Atamfar na so in bar ta a ƙasan jaka, amma tsohuwar ta riga ta hango shuɗin. Dole na ciro na ce ta amarya ce. Matar ta fito ta durƙusa tana godiya, ta kara ta a jikinta, kuma abin haushi ta karɓe ta ƙwarai.

Suka ce in kwana, ko mako ne in yi. An ma kama kaza. Na ce ina da uzuri a gida, ƙarya ce, wa ke jirana? Kuka nake son yi, kuma ban san yadda zan bayyana musu ko na wa ne ba. Na ci abinci kaɗan don kada su ji wani iri. Ƙanena ya ɗauke ni a babur ɗinsa har tashar Argungu, da buhun shinkafa ɗaure a baya, ya karɓi lambar wayata, ya tsaya a rana har motarmu ta tashi. A mota na yi ta tunanin Baba, yana tsakiyar masu awo yana alfahari da yarinyar da bai iya kallo ba. Na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba. Na kuma ji haushinsa da nawa, shekara arba'in saboda tafiyar awa guda.

Buhun shinkafar ne ya tona ni a Badariya. Maƙwabciyata ta ga ana sauke shi, ta tambaya, na gaya mata a taƙaice. Kafin la'asar ta washegari gidana ya cika da mata. "Malama, barka! Ashe kina da ɗan'uwa!" "Namiji ma kuwa, Allah Ya rufa miki asiri!" Wata har guɗa ta yi. Na shimfiɗa tabarmi, na dama kunu, na auna wa kowace shinkafa a leda, ina cewa barka kadai, barka kadai. Gaskiya suka faɗa, na samu. Ba wadda zan iya ja gefe in ce mata na kuma yi rashi, ƙanwata ta rasu jiya da azahar a Gulma, mai wushirya, mai baki, wadda muka yi wata bakwai tare. Da na faɗa da sun ce Malama ta fara taɓuwa.

Da suka watse na wanke kofuna, na naɗe tabarmi na bar guda. Na kashe rediyo. Na zauna kwana uku ban fita ba, kamar yadda ake yi. Ba wanda ya zo gaisuwa, don ba wanda ya san an yi mutuwa a gidan.